Yadda Ake Haɗa Akwatin Lasifika da Katako, Daga Lissafi Zuwa Gwaji

Duk wanda ya taɓa jona lasifika tsirara, ba tare da akwati ba, ya san cewa sautin da take fitarwa siriri ne, muryoyi suna fita amma amo mai kauri ya ɓace. Dalilin yana cikin yadda faifanta, wato ɓangaren da ke motsi gaba da baya, yake aiki. A lokacin da faifan ya tura iskar da ke gabansa, a lokacin ne kuma yake jan wadda ke bayansa, sai iskar da aka matse a gaba ta zagaya ta gefe ta cike gurbin da aka bari a baya, sautin ya kashe kansa tun kafin ya kai kunne. Abin ya fi tsanani ga sauti mai kauri, domin sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya, wanda ke nufin igiyar sautin Hz 50, wato mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ta kusa mita 7 a tsawo, faɗin faifan lasifika kuwa ba ya iya tare igiya mai wannan girma. Aikin akwati ke nan: ya raba iskar gaba da ta baya, ya riƙe adadin iskar da lasifikar take bukata, shi kuma kansa ya yi shiru. Mai ƙera kayan kiɗa yana neman katakon da zai yi amo, mai haɗa akwatin lasifika kuwa yana neman wanda ba za a ji shi ba sam.

Saboda haka ba a fara wannan aiki da zarto. Ana fara shi da takardar bayanan lasifikar da za a saka, kuma mai hikima ba ya yanka katako sai lasifikar tana hannunsa.

Lambobi uku da girman akwati

Wani injiniya ɗan Ostareliya, Neville Thiele, ya wallafa bincikensa kan lambobin da ke bayyana halin lasifika a 1961, daga baya Richard Small ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970, shi ya sa har yau ake kiran waɗannan lambobi da sunayensu biyu. Masu ƙera lasifika na kirki suna buga su a takardar kayansu, kuma uku daga ciki sun wadatar da mai koyo. Fs ita ce matakin da faifan yake kaɗawa da kansa a sarari, ana auna ta da Hz. Qts tana nuna yadda maganaɗisu da jikin lasifikar suke iya tsayar da faifan bayan ya motsa. Idan lambar ƙarama ce, riƙon yana da ƙarfi. Vas kuwa adadin iska ne da lita, wanda taurinsa idan an matse shi ya yi daidai da taurin abin da ke riƙe da faifan. Lasifikar da ba a san waɗannan lambobi nata ba, ko a auna su da na'ura, ko kuma a haƙura da cewa duk akwatin da aka yi mata kirdado ne.

Akwati iri biyu ne suka fi yawa. Akwai rufaffe, wanda iska ba ta shiga ba ta fita, irin wanda Edgar Villchur ya shahara da shi a Amurka daga 1954, akwai kuma mai bututu, wanda Albert Thuras na Bell Labs ya samu haƙƙin ƙirƙirarsa a 1932. A bisa al'ada, lasifikar da Qts ɗinta bai kai 0.4 ba ta fi dacewa da mai bututu, wadda take tsakanin 0.4 da 0.7 kuma ta fi son rufaffe. Shawarata ga mai aikin farko ita ce ya zaɓi rufaffe, domin yana yafe kuskure: idan girman ya kauce da kashi 10 cikin 100, da wuya kunne ya gane, alhali a mai bututu kuskuren girma yana haɗuwa da na tsawon bututu, ya haifar da amo mai gunji a mataki guda.

Lissafin rufaffen akwati gajere ne. Ana zaɓar lambar da ake so akwatin da lasifikar su bayar tare, wadda ake kira Qtc, kuma 0.707 ce take ba da sauti mafi daidaito, ba tudu ba kwari. A raba Qtc da Qts, a ninka sakamakon da kansa, a cire 1, sannan a raba Vas da abin da ya rage. A ɗauki misalin lasifika mai inci 6.5 wadda take da Fs na Hz 40, Qts na 0.4, da Vas na lita 30. Raba 0.707 da 0.4 yana ba da 1.77, idan an ninka shi da kansa ana samun kusan 3.12, a cire 1, saura 2.12, a raba 30 da 2.12, a samu lita 14 da ɗan ɗoriya. Wannan 1.77 ɗin kuma idan aka ninka shi da Fs yana nuna inda kaurin sautin zai fara raguwa, wato wajen Hz 71. Idan aka ƙanƙanta akwatin fiye da haka, Qtc yana hawa, sautin ya yi tudu da gunji; idan aka girmama shi, kaurin yana sauka ƙasa amma ya yi laushi.

Lita 14 ɗin iskar ciki ce zalla, ba girman waje ba, kuma a nan ne da yawa suke tuntuɓe. Lita ɗaya ita ce santimita 10 a tsawo da faɗi da zurfi. Akwatin da cikinsa yake da faɗin santimita 20, tsayin 32 da zurfin 24 yana ɗaukar lita 15.36, kuma idan aka cire kimanin lita ɗaya da maganaɗisun lasifika da katakon tokara za su cinye, an dawo daidai inda ake so. Ba a zaɓi waɗannan awo uku da ka ba. Tsakanin kowane bango biyu masu fuskantar juna sauti yana kai da komowa, yana ƙarfafa wani mataki guda, wanda ake ganowa ta raba 343 da ninki biyu na tazarar a mita. Tazarar santimita 32 tana ba da kusan Hz 536, ta 24 tana ba da 715, ta 20 kuma 858. Da a ce dukkan ɓangarorin awo ɗaya ne, da ukun sun taru a wuri guda sun zama ƙara mai damun kunne, shi ya sa ake guje wa akwatin da tsayinsa da faɗinsa da zurfinsa suke daidai, ko wanda wani ɓangarensa ya ninka wani.

Wanda ya nace sai mai bututu, to ya sani cewa iskar cikin bututun da ta cikin akwatin suna kaɗawa tare kamar yadda kwalba take amo idan an hura bakinta, kuma tsawon bututun ne yake tsayar da matakin amon. A akwatin lita 20, bututu mai faɗin santimita 5 yana bukatar tsawon kusan santimita 11 don ya kaɗa a wajen Hz 45. Idan aka faɗaɗa bututun dole a tsawaita shi, idan kuma ya yi ƙunci yakan yi huci idan an ƙara murya. A bar aƙalla tazarar faɗinsa tsakanin bakinsa na ciki da bangon baya. A kuma tuna cewa ƙasa da matakin da aka tsayar, akwatin ba ya riƙe faifan, don haka sauti mai kauri sosai yana iya wahalar da lasifikar.

Katako da yanka

Falankin itace tsantsa yana da kyan gani, amma yana kumbura da motsewa ta faɗinsa gwargwadon danshin iska, kuma akwatin da aka manne ta kowace kusurwa ba ya ba shi damar motsi, sai ya tsage ko gaɓa ta buɗe. Shi ya sa ake amfani da MDF ko filawud mai yawan shimfiɗa. MDF garin katako ne da aka matse da gam, yana da nauyi, ba shi da jijiya ko ramuka, yana yankuwa sumul, amma yana tsoron ruwa kuma gefensa ba ya riƙe sukuru sosai. Filawud mai kyau, musamman na itacen birch da ake kawowa daga yankin Baltik, ya fi shi ƙarfi da rashin nauyi, don haka shi ya dace da akwatin da za a riƙa ɗauka ana saukewa. Filawud mai ramuka a tsakanin shimfiɗunsa kuwa yakan yi kaɗa-kaɗa a ciki, kuma babu maganin wannan bayan an haɗa. Kaurin milimita 18 ya wadatar da akwati irin na misalinmu. Allo ɗaya cikakke, mai milimita 1220 da 2440, ya ishi akwati biyu har da ragowa mai yawa.

Ga akwatin da aka lissafa, da katako mai milimita 18, kowane ɗaya yana bukatar gaba da baya masu milimita 236 da 356, gefe biyu masu 356 da 240, sama da ƙasa masu 200 da 240, sai ƙarin guda mai 200 da 240 don tokara. A wannan tsari sama da ƙasa suna shiga tsakanin gefuna, gaba da baya kuma suna rufe komai. Kafin a amince da waɗannan lambobi a auna kaurin allon da ke hannu, domin filawud da aka rubuta wa 18 sau da yawa bai cika 18 ba.

Kayan aikin da ba makawa ba su da yawa: tef na awo, sikwaya ta ƙarfe, fensir mai tsini, zarton lantarki, injin huda, da kilam na matse katako aƙalla huɗu, kodayake babu kafintan da ya taɓa kukan kilam sun yi masa yawa. Zarton tebur yana sauƙaƙa aiki, amma zarton hannu mai zagayayyen haƙori yana yin yanka miƙaƙƙe idan an ɗaure masa miƙaƙƙen katako a matsayin jagora. Haƙoran zarto suna cinye kusan milimita 3 a kowane yanka, saboda haka ba a zana dukkan layuka a jere a bi su. A auna, a yanka ta wajen layi, sannan a sake aunawa daga sabon gefe. Dabarar da ta fi kowace amfani ita ce a yanka duk ɓangarorin da suke da awo ɗaya a lokaci guda, ba tare da an taɓa saitin zarto ba. Idan dukkan masu zurfin 240 suka fito 239, akwatin zai haɗu lafiya, amma idan ɗaya ya fito 239 ɗaya kuma 241, kafa ta samu.

A kan zarton tebur haɗarin da ya fi yawa shi ne katako ya maƙale wa haƙori ya dawo wa mutum da ƙarfi. Kada a cire ƙarfen da ke bayan haƙorin wanda yake hana yankan rufewa, a tura ƙananan guntaye da sanda maimakon yatsu, kada kuma a tsaya daidai bayan layin yanka. Ƙurar MDF tana da laushi ƙwarai, kuma gam ɗin da aka haɗa shi da shi yawanci yana ɗauke da sinadarin fomaldihaid. Hukumar binciken sankara ta duniya, IARC, ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara. Takunkumi mai darajar N95 ko FFP2, tabarau da abin toshe kunne suna cikin kayan aiki kamar yadda zarto yake ciki.

Ramin lasifika ya fi fita da kyau da injin rauta, wato mai fafe katako da haƙori mai juyawa, da aka ɗaura wa ɗan siririn katako mai ƙusa a tsakiya, yana juyawa a kanta yana zana da'ira. A fara da matakalar da bakin lasifikar zai zauna a ciki har ya yi daidai da fuskar katako, sannan a huda ramin gaba ɗaya, domin da zarar tsakiyar ta faɗi babu inda ƙusar za ta tsaya. A riƙa saukar da haƙorin milimita 5 ko 6 a kowane zagaye. Zarton jigso ma yana yin ramin, tunda bakin lasifika zai rufe ɗan karkacewar da aka yi, sai dai ba ya iya matakalar. Nutsar da bakin ya fi muhimmanci ga tuwita, wato ƙaramar lasifikar siririn sauti, saboda gajerun igiyoyinta suna karo da duk wani tudu da ke kusa. Haka kusurwoyin fuskar akwati suke yi, kamar yadda Harry Olson na kamfanin RCA ya nuna a farkon shekarun 1950 da ya gwada akwatuna masu siffofi daban-daban, inda mai siffar ƙwallo ya fi kowane daidaito. Don haka goge kusurwoyin gaba su zama masu lanƙwasa yana da amfani bayan ado. Bayan ramin babbar lasifikar kuma a ɗan fafe shi ta ciki, don iskar bayan faifan ta samu hanya.

Haɗawa

A fara jera dukkan ɓangarorin a matse su da kilam ba tare da gam ba, a duba kowace gaɓa da sikwaya. Farin gam na kafinta, wato PVA, shi ne yake riƙe akwatin, sukuru taimako ne kawai har gam ya bushe. A shafa shi a dukkan faɗin gaɓar, a ƙara a gefen MDF domin yana shanyewa, a matse har ya ɗan ɓullo a tsawon layin. Inda bai ɓullo ba, akwai yiwuwar kafa. A auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarori biyu. Idan awon ya zo ɗaya, akwatin ya tsaya daidai. Ana iya sassauta kilam bayan awa ɗaya, amma gam ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai bayan awa 24. Idan za a sa sukuru a gefen MDF, dole a fara huda masa rami, a kuma nisanta shi daga kusurwa da santimita 3 zuwa 5, in ba haka ba katakon zai dare kamar shafukan littafi.

Tokara ita ce ɓangaren da ba a gani, kuma ita ce take bambanta akwati mai shiru da mai surutu. Bango mai faɗi yana lanƙwasa kaɗan duk lokacin da iskar ciki ta matse shi, kuma da yake faɗinsa ya ninka na faifan lasifika, ɗan motsin nan yana zama sauti. Ninka kaurin allo yana ƙara taurinsa sau 8, amma ɗaure bango da kishiyarsa yana ba da irin wannan amfani ba tare da nauyi ba. A ɗauki guntun nan mai 200 da 240, a fafe manyan tagogi a jikinsa don iska ta ratsa, a manne shi a kwance yana taɓa bango huɗu, tsakanin ramin tuwita da na babbar lasifika. Kada ya zauna a tsakiya daidai, don kada ya raba bangon gida biyu masu kaɗawa a mataki ɗaya. Ƙwanƙwasa bango da gaɓar yatsa yana bayyana gaskiya: gajeren sauti mai tauri ake nema, ba mai dogon amsa-kuwa ba.

Kafin a rufe baya, a bi dukkan gaɓoɓin ciki da ƙarin gam ko abin toshe kafa. Idan silikon aka yi amfani da shi, a bari ya bushe sarai kafin a saka lasifika, saboda tururin wasu nau'o'insa yana cin ƙarfe. Daga nan a cika rufaffen akwati da audugar roba irin ta cikin matashi, a sake, ba a danƙare ba, a kuma nisanta ta daga bayan faifan. Tana shanye kai-da-komowar sautin ciki, tana kuma sa lasifikar ta ji kamar akwatin ya ɗan fi girmansa. A mai bututu bango kawai ake lulluɓewa, a bar hanyar bututun a buɗe.

Idan akwatin yana da lasifika biyu, sai an raba musu sauti, domin kauri yana ƙona tuwita. Mafi sauƙin rabawa shi ne kafasita, mai tare sauti mai kauri, a kan wayar tuwita da kwayil, wato naɗaɗɗiyar waya mai tare siririn sauti, a kan ta babbar. A lissafin takarda, ga lasifika mai om 8 (om shi ne ma'aunin turjiya ga lantarki) da rabawa a Hz 3,000, ana bukatar kafasita mai kusan maikirofarad 6.6 da kwayil mai milihenri 0.42. Sai dai lasifikar gaske ba ta tsayawa a om 8 a kowane mataki, don haka wannan lissafi mafari ne kawai, kuma mai koyo zai fi samun biyan bukata idan ya bi tsarin da wani ya riga ya auna wa lasifikun da ke hannunsa, ko kuma ya fara da lasifika guda mai ɗaukar dukkan sauti. Idan akwai kwayil biyu, a nisanta su, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye, don kada su shiga aikin juna. A haɗa wayoyi da dalma, a ɗaure su don kada su riƙa bugun bango, a toshe ramin da suka bi.

Fenti yana tona duk abin da hannu ya ɓoye. A cike ramukan sukuru, a goge da samfefa mai lamba 120, sannan 180, sannan 220. Gefen MDF yana shan fenti fiye da fuskarsa, saboda haka a fara rufe shi da gam da aka ɗan tsinka da ruwa ko da fentin share fage, a goge, a maimaita har ya daina sha. A gama duk wannan kafin a ɗaura lasifika.

Wajen ɗaurawa, a sa siririn soso mai manne a ƙarƙashin bakin lasifikar, a huda wa kowane sukuru rami, a ɗaure su da hannu ɗaya bayan kishiyarsa, tafin ɗaya hannun yana kare faifan, domin sukundireba da ta zame tana huda shi nan take. Batir mai bolt 1.5 yana nuna ko wayoyin babbar lasifika suna daidai: idan aka taɓa ƙafar batirin da ke da alamar tarawa da jar waya, ɗaya ƙafar kuma da ɗaya wayar, faifan ya kamata ya fito waje, kuma akwatunan biyu su yi iri ɗaya, in ba haka ba kaurin ɗaya zai kashe na ɗayan. Ba a yi wa tuwita wannan gwaji. Don gano kafa a rufaffen akwati, a danna faifan a hankali da yatsu a kewayen tsakiyarsa. Ya kamata a ji iska tana turjewa. Sannan a kunna sauti mai kauri na wajen Hz 30 da ƙaramar murya, a bi gaɓoɓi da bakin lasifika da wurin shigar waya da kunne da kuma jiƙaƙƙen bayan hannu. Inda aka ji huci ko sanyin iska, a kwance a gyara soson ko a ƙara abin toshewa, a sake gwadawa kafin a ƙara murya.